Masu Jiran Trump Ya Sauka Su Sake Lissafi

A ranar 16 ga Disamban 2025 fadar White House ta saka Nijar, Mali da Burkina Faso cikin ƙasashen da aka rufe wa 'yan ƙasarsu ƙofar Amurka ruf, in ban da 'yan tsiraru irin su jami'an diflomasiyya. Najeriya kuma aka jefa ta rukunin da aka taƙaita wa biza, har da ta ɗalibai da ta masu ziyara. Chadi da Sudan sun riga su shiga sahu tun watan Yuni. Cikin wata shida ke nan an ja wa ƙasashe da dama da Hausawa ke zaune a cikinsu jan layi. Abin da ya fi sanarwar kanta tayar da hankali shi ne yadda ake lallashin kai da ita a nan gida: wai halin mutum ɗaya ne, a daure, a watan Janairun 2029 zai tattara nasa ya nasa, komai ya koma yadda yake. Tarihin siyasar Amurka bai goyi bayan wannan zato ba. Ƙasar ta taɓa rufe ƙofarta, ta bar ta a rufe shekara 41, kuma abubuwan da suka haɗu suka kai ga rufewar farko sun sake haɗuwa a yau.

Ƙyamar baƙo kaɗai ba ta isa bayani ba, domin ba a taɓa rasa ta a can ba. A shekarun 1850, da yunwa ta koro 'yan Ailan mabiya ɗarikar Katolika, jam'iyyar da ake wa laƙabi da Know Nothing ta taso a kansu, ta lashe kujerar gwamna da kusan dukan majalisar jihar Massachusetts a 1854, ɗan takararta Millard Fillmore kuma ya samu sama da kashi 20 cikin 100 na ƙuri'un shugaban ƙasa a 1856. Duk da haka ba ta iya hana jirgi ko ɗaya sauke fasinja ba. Yawan baƙi ma bai isa bayani shi kaɗai ba, ko da yake yana da tasiri. A 1890 waɗanda aka haifa a waje sun kai kashi 14.8 na al'ummar ƙasar, a 1970 suka faɗo zuwa 4.7, a 2023 kuma suka sake haura 14. Masu son gajeren lissafi sukan tsaya nan su ce da zarar an doshi kashi 15 sai Amurkawa su tubure. To amma in haka ne, me ya sa aka kai ƙololuwa a 1890 amma sai a 1924 aka rufe ƙofar? Wa ya riƙe ta a buɗe shekara 34, alhali majalisa na ta yunƙurin rufe ta?

Masu gadi biyu ne suka riƙe ta, kuma labarinsu ne ya kamata mu fi maida hankali a kai. Na farko masu masana'antu ne, masu ƙarfe a Pittsburgh, masu mayankar dabbobi a Chicago, masu ma'adinin kwal da kamfanonin jirgin ƙasa, waɗanda ribarsu ta dogara ga leburan da ya sauko daga jirgin ruwa jiya, bai san ƙungiyar ƙwadago ba, bai iya cinikin albashi ba. Na biyu ƙuri'un baƙin ne da kansu, waɗanda 'yan siyasar manyan birane irin su New York da Boston ke tattarawa unguwa-unguwa. Duka biyun an fi jin maganarsu a fadar shugaban ƙasa, domin shi ne ke buƙatar kuɗin yaƙin neman zaɓe da jihohi masu yawan jama'a. Shi ya sa tarihin wannan zamanin ya cika da shugabanni masu hawa kujerar na ƙi. Sanata Henry Cabot Lodge da abokansa suka kawo dokar jarrabawar karatu ga duk mai son shiga, Grover Cleveland ya ƙi sa mata hannu a 1897, William Taft ya ƙi a 1913, Woodrow Wilson ya ƙi a 1915, ya sake ƙi a 1917, sai a wannan karon majalisa ta tara kashi biyu cikin uku ta tsallake shi. Sinawa kaɗai aka samu nasarar korewa da wuri, da dokar 1882, kuma dalilin a fili yake: an kammala layin dogon da suka haƙa tun 1869, ba su da ikon zama 'yan ƙasa, don haka ba su da ƙuri'a. Ba mai gadin da ya tsaya musu.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya karya lagon mai gadi na farko. Da jiragen Turai suka daina zuwa a 1914, masana'antun Arewa suka gano akwai wata rijiyar ma'aikata a cikin gida: baƙar fata na jihohin Kudu, waɗanda suka riƙa ƙaura zuwa Detroit da Chicago dubu-dubu. Injuna kuma suka rage buƙatar hannu. Sai ga juyin juya halin Rasha a 1917, da yajin aikin ma'aikatan ƙarfe a 1919, da bam ɗin da ya tashi a Wall Street a 1920, mai masana'anta ya fara kallon leburan Italiya da Bayahuden Rasha a matsayin mai ɗauke da gurguzu cikin jakarsa. Manoman Kudu maso Yamma kuwa aka toshe musu baki da barin iyakar Meziko ba tare da ƙayyade adadi ba. Mai gadi na biyu shi ma ya raunana, domin 'yan Republican sun yi nasarar da ba sa buƙatar unguwannin baƙi a zaɓen 1920, majalisa kuma ta ƙi sake rabon kujeru bayan ƙidayar wannan shekarar, abin da ya bar wa karkara nauyin da ya fi yawanta. Ƙungiyar ƙwadago ta Samuel Gompers da ƙungiyar Ku Klux Klan, waɗanda ba sa ga maciji a wasu batutuwa, suka samu kansu a layi ɗaya. A 1924 Calvin Coolidge ya sa hannu a dokar Johnson-Reed ba tare da turjiya ba. Dabarar da ke cikinta ita ce a ba kowace ƙasa gurbin kashi 2 na mutanenta da ke Amurka bisa ƙidayar 1890, wato kafin kwararar 'yan Kudanci da Gabashin Turai. Italiya da ta riƙa tura sama da mutum 200,000 a wasu shekaru ta wayi gari da gurbin da bai kai 4,000 ba.

A ɗora wannan ma'auni a kan yau. Ɓangaren 'yan kasuwa na jam'iyyar Republican ne ya ba Ronald Reagan damar halatta zaman mutum kusan miliyan 2.7 a 1986, shi ne kuma ya mara wa George W. Bush baya a yunƙurinsa na 2006 da 2007 da ya ci tura. A 2013 majalisar dattawa ta amince da wata gagarumar doka da ƙuri'a 68 da 32, majalisar wakilai ta ƙi ko tattauna ta. Wannan ne numfashin ƙarshe na tsohon tsari, kuma an ja shi shekara biyu kafin Trump ya fito takara. Shi ya tarar da jam'iyyar da magoya bayanta suka riga suka bar shugabanninta, ya ɗauki tutar. 'Yan kasuwar kuma aka biya su da ragin haraji a 2017 da 2025, suka yi shiru. Ko da manoma da masu otal suka koka a Yunin 2025 har aka dakatar da samame a gonaki, kwanaki kaɗan aka janye dakatarwar. Elon Musk ya yi ta kumfar baki don kare bizar ƙwararru ta H-1B a Disamban 2024, amma a Satumban 2025 aka ɗora mata kuɗin dala 100,000. Mai gadi na biyu kuwa labarinsa ya fi ban mamaki. An daɗe ana cewa duk jam'iyyar da ta matsa wa baƙi za ta rasa ƙuri'un 'yan asalin Latin Amurka har abada. A 2024 Trump ya yi alkawarin korar miliyoyi, ya kuma lashe gundumar Starr a Texas, wadda kusan dukan mazaunanta 'yan asalin Meziko ne, kuma ta haura shekara 100 ba ta zaɓi ɗan Republican ba. Hukuncin da ake tsoro bai zo ba, 'yan siyasa kuma sun gani.

Akwai wani sauyi da ya sa lamarin yau ya fi na da tsanani ta wata fuska. A da majalisa ce ke turawa, shugaban ƙasa na taka birki. Yanzu kujerar da ke taka birkin ita ce ke tuƙi. Makamin da take amfani da shi sashe na 212(f) ne na dokar McCarran-Walter ta 1952, wanda ya ba shugaba ikon dakatar da shigar duk wani rukunin baƙi da ya ga yana cutar da muradun ƙasa. Harry Truman ya ƙi sa hannu a wannan doka, majalisa ta tsallake shi, sai ga shi ta bar wa magadansa gadon da bai so ba. Kotun ƙoli kuma tun shari'ar Chae Chan Ping ta 1889 ta ce batun wa zai shiga ƙasa na gwamnati ne, ta sake jaddada haka a 2018 da alƙalai 5 da 4 a kan haramcin shiga da Trump ya saka a zangonsa na farko. Mai sa ran kotu za ta buɗe wa ɗan Zinder ko ɗan Abeche hanya yana jiran gawon shanu.

Gwamnatin Amurka tana da nata hujjojin, kuma ba duka ne ƙarya ba. Ta ce wasu ƙasashe ba sa musayar bayanan tsaro, fasfonsu ba abin dogaro ba ne, 'yan ƙasarsu kuma sukan zarce wa'adin biza, har ta ce kusan rabin 'yan Chadi masu bizar ziyara sun yi haka. Gaskiya ne kuma cewa a shekarun kasafi na 2022 da 2023 an tare mutum sama da miliyan 2 kowace shekara a iyakar Meziko, kuma ba ƙasar da za ta ga haka ta yi barci. Sai dai mutanen Sahel ba su ne suka cika waccan iyakar ba. Sanarwar watan Yuni ma Trump ya danganta ta da harin da wani ɗan Masar ya kai a birnin Boulder na Amurka, amma ba a saka Masar a jerin ba. Jeri ne na ƙasashen da za a iya hukuntawa ba tare da an yi asara ba, kamar dai Sinawan 1882.

Hujja mafi ƙarfi a kan ra'ayina ita ce ta masu cewa 1924 doka ce ta majalisa, na yau kuwa sanarwa ce, kuma abin da alƙalami ya rubuta alƙalami zai goge, kamar yadda Joe Biden ya soke haramcin farko a ranar da ya hau mulki a 2021. Suna kuma nuna ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup, inda masu son a rage baƙi suka kai kashi 55 a 2024, suka sauko zuwa 30 a 2025. Wannan magana tana da nauyi, kuma mai yiwuwa wasu sunaye su fita daga jerin, yadda aka cire Chadi a 2018. Amma a duba abin da Biden ɗin ya yi bayan sokewar. Ya ci gaba da korar masu neman mafaka da dokar annoba har Mayun 2023, a Yunin 2024 kuma shi da kansa ya ɗauko sashe na 212(f) ya taƙaita neman mafaka a iyaka. Dokar farko da Trump ya sa wa hannu a zango na biyu, ta Laken Riley, ta wuce ne da ƙuri'un 'yan Democrat 12 a majalisar dattawa. Dokar kasafin 4 ga Yulin 2025 ta ware kusan dala biliyan 170 ga tsaron iyaka da tsare baƙi, ta kuma ɗora harajin kashi 1 a kan tsabar kuɗin da ake aikawa gida. Waɗannan dokoki ne, ba sanarwa ba. Ra'ayin jama'a ya yi laushi ne saboda ƙofar ta riga ta rufu, kuma babu ɗan takarar Democrat da zai so ya gwada abin da zai faru in ya sake buɗe ta don 'yan Afirka marasa ƙuri'a.

Yadda aka buɗe ƙofar a 1965 ma darasi ne. Dokar 1924 ta tsallake mulkin Franklin Roosevelt na shekara 12, ta tsallake jirgin St. Louis da aka mayar da shi Turai a 1939 da Yahudawa sama da 900, ta tsallake Truman da Kennedy, duk 'yan Democrat. Abin da ya kayar da ita haɗuwar gwagwarmayar baƙar fata ce da yaƙin cacar baka, lokacin da Washington ke tsoron Tarayyar Sobiyet za ta yi zawarcin sababbin ƙasashen Afirka da Asiya. A 1961 wani gidan abinci a babbar hanya ta 40 a jihar Maryland ya ƙi sayar wa jakadan Chadi, Adam Malick Sow, abin sha saboda launin fatarsa, gwamnatin Kennedy ta shiga kunya ta tashi tsaye. Amurkar wancan lokacin tana neman yardar Afirka. Ta yau ta kwashe sojojinta daga Agadas a 2024 bayan Nijar ta sallame su, ta dakatar da shirye-shiryen Muryar Amurka har da sashen Hausa a Maris ɗin 2025, ta rufe hukumar USAID, ta kuma rage gurbin 'yan gudun hijira daga 125,000 zuwa 7,500, akasarinsa ga fararen fatar Afirka ta Kudu.

Saboda haka martanin shugaban Chadi Mahamat Idriss Deby na dakatar da biza ga Amurkawa ya sanyaya zuciya, amma ba zai motsa kowa a Washington ba. Abin da ke hannun Abuja, Yamai da Njamena shi ne gyara harkar fasfo da rajistar haihuwa don a rage hujja, da neman guraben karatu da aiki a wasu ƙasashe tun yanzu. Uban da ke tara kuɗin makarantar ɗansa da niyyar Amurka kuma ya fara duba wata ƙasar a bana, kada ya jira zaɓen 2028.