Sabon Yayi a Sana'ar Gina Shafukan Intanet

Matashin da ke Tirwun, a gefen garin Bauchi, wanda ya koyi gina shafin intanet a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, ko a ɗakinsa da bidiyon YouTube, ba ya rasa mai ce masa abin da ya iya ya tsufa. Yau a ce PHP ya mutu, kowa ya koma React. Gobe a ce React ɗin ma bai isa ba sai da Next.js. Kafin ya yanke shawara, ya kamata ya san cewa waɗannan sunaye ba jinsinsu ɗaya ba.

Duk shafin da ya buɗe a waya abubuwa uku ne suka tsayar da shi. HTML ne ke tsara rubutu da hotuna, tun lokacin da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro shi a cibiyar CERN a wajajen 1990. CSS ne ke yin ado. JavaScript, wanda Brendan Eich ya rubuta a kamfanin Netscape a 1995, shi ke sa shafi ya motsa idan an taɓa shi. Waɗannan su ne siminti da yashi da ruwa. React, wanda Facebook ya saki a 2013, da Vue na 2014, da ire-irensu, bulo ne da aka riga aka buga: suna hanzarta gini, amma da kayan nan uku aka yi su. Yawanci abin da ake kira sabuwar fasaha sabon bulo ne kawai.

Labarin Flash ya isa darasi. Shekara da shekaru, wanda ya iya shi ne gwani, domin da shi ake yin wasanni da hotuna masu motsi, har YouTube da shi ya fara nuna bidiyo. Sai dai Flash mallakar kamfani ɗaya ne, Adobe, wanda ya same shi a 2005 da ya sayi Macromedia. A 2010 Steve Jobs ya fito fili ya ce ba zai bari ya shiga iPhone ba. Da duniya ta koma waya, sai kasuwarsa ta watse, kuma ranar 31 ga Disamba 2020 Adobe da kansa ya janye hannu. Waɗanda suka kashe ƙuruciyarsu a kansa sai da suka sake sabon lale. Kusan haka aka yi da AngularJS na Google: ya fito a 2010, a 2016 masu shi suka sake rubuta shi ta yadda tsohon aiki ba ya shiga sabon gida sai da wahala, sannan aka daina kula da tsohon a ƙarshen 2021. Girman kamfani bai ceci kowa ba.

PHP kuwa, da ake ta yi wa jana'iza, tun 1995 yake nan. Da shi aka gina WordPress a 2003, kuma yau fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kan WordPress suke zaune. Tsohuwar zuma ke nan, wadda ake magani da ita.

Wannan ba ya nufin a toshe kunne. Abin dubawa shi ne wa zai biya kuɗin aikin. Mai makarantar kuɗi a Bauchi da ke son iyaye su duba sakamakon 'ya'yansu a waya, ko mai shago a kasuwar Wunti da ke son a ga kayansa a biya ta Paystack, ba ruwansa da sunan bulon. Yana son aiki ya yi sauri, ya yi araha, kuma idan mai ginin ya tafi bautar ƙasa a samu wani a gari da zai iya gyarawa. Wannan na ƙarshen shi ne matasa suka fi mantawa, a ganina saboda burge abokai ya fi daɗi. Amma wanda ke hangen kamfanonin Legas, ko aikin da ake yi daga gida a karɓi dala, to ya buɗe tallace-tallacen neman ma'aikata ya ƙirga da kansa. Idan a cikin ashirin ya ga React ya fito a mafi yawa, hujja ta samu, ba sai wani ya yi masa wa'azi ba.

Koyon ma ba kyauta ba ne, ko da darasin kyauta ne. Fara aiki ɗaya da sababbin kayan nan kan jawo sauke ɗaruruwan megabait, ga kwamfutar hannu ta gwanjo da ke nishi, ga cajin da sai an jira wuta ko an sayi mai. Shirin gwamnatin tarayya na 3MTT, wanda aka ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan uku, ya buɗe wa wasu ƙofa, amma watannin da mutum zai ba sabon abu daga lokacin neman abincinsa za su fita. Shi ya sa wanda JavaScript bai zauna masa ba, tsallakawa zuwa React sakin reshe ne a kama ganye. Wanda ya zauna masa kuwa, 'yan makonni kan ishe shi ya gane kan kowane sabon bulo.

Hanya mafi sauƙin gwaji ita ce ya ɗauki ƙaramin aikin da ya taɓa gamawa, kamar rajistar ɗaliban wata Islamiyya, ya sake gina shi da sabon abin cikin mako biyu. Daga nan ya ari wayar Itel ko Tecno mai arha, ya tsaya inda sabis ke rawa a bayan gari, ya buɗe tsohon da sabon, yana duban agogo.