Idan kwamfuta ta mutu tana tsakiyar aiki

Shirinmu na yau na masu shagon tura waƙoƙi da wa'azi ne, da sakatarorin ofisoshi, da duk mai katin memori a wayarsa.

Batirin sola ya ƙare, kwamfuta ta ɗauke tana cikin ajiye aiki. Da aka sake kunnawa, sai ta ce katin nan sai an yi masa fomat. Don Allah, kada ku amince.

Kati ko faifan kwamfuta kamar bankin cimaka yake: buhuna na sito, littafin magatakarda kuma shi ke faɗin wannan na wane ne, yana wane lungu. Kwamfuta tana ajiye fayil gutsure-gutsure, ta rubuta wurin kowanne a nata littafin. In ta mutu tsakanin ayyukan biyu, sai a tarar da gutsuren da ba mai shi, ko fayil biyu na jayayya a kan wuri guda. Galibi hotunanku da takardunku suna nan, lissafin ne ya dagule. Fomat kuwa sabon littafi fari fat yake buɗewa.

Windows tana da mai bincike, sunansa chkdsk, na Linux kuma fsck. Yakan bi lissafin layi-layi, ya gwada da abin da ke faifan. In aka ƙara wa chkdsk /f sai ya gyara, gutsattsarin da ya tsinto ya tara su a wata jaka mai suna FOUND.000. Amma ku ji da kyau: damuwarsa lissafi ya daidaita, ko da zai datse takardar da kuka kwana kuna bugawa. Saboda haka duk abin da ke buɗuwa a fara kwafe shi zuwa wani wuri, sannan a saki mai binciken.

Me ya sa katin memori ya fi shan wannan wahala? Tsarin NTFS na faifan kwamfuta, wanda Microsoft ta fitar a 1993, yakan rubuta abin da zai yi kafin ya yi, don haka in an tashi ya san inda ya tsaya. Katunan waya kuwa yawanci FAT32 ne, na 1996, ko exFAT, na 2006, kuma ba su da wannan kariya. Kafin ku zare kati, ku umarci kwamfuta ta sake shi tukuna. Wanda kuma aka gyara ya sake rikicewa ba tare da wuta ta ɗauke ba, ya gaji ne, a kwashe kayansa a sayi wani.