Neman launin asali: inda gyaran tsohuwar Peugeot ke cijewa

Duk wanda ya yi wayo a Maraɗi ko Damagaram kafin shekarun 1990 ya san 404 da 504 kamar yadda ya san ƙofar gidansu. Su suka yi dakon gyaɗa da fatu, su suka kai amare, su kuma suka kai ma'aikata garuruwan da gwamnati ta tura su. Kamfanin Peugeot ya fito da 404 cikin shekara ta 1960, 504 ta biyo baya cikin 1968. Wasu sun shigo ƙasar nan ta Kotonu, wasu Turawa ne suka ƙetaro hamada da su ta Tamanrasat da Asamaka da Arlit suka sayar, wasu kuma daga Kaduna suka zo, inda aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot cikin 1975, aka ci gaba da fitar da 504 har 2006. Yau babu inda ake ƙera su. Waɗanda suka rage sun zama kayan tarihi, shi ya sa akan sami ɗan kasuwa ko tsohon ma'aikaci ya jawo motar mahaifinsa daga ƙarƙashin rumfa, da niyyar mayar da ita yadda take ran da aka sayo ta.

Inji ba shi ne abin damuwa ba, makanikan ƙasar nan sun haddace shi tun suna yara. Launi ne ke ba da wahala. Kuma maganar ba ta ado ba ce kaɗai: a wurin masu tara tsoffin motoci, motar da ke ɗauke da launin da ta fito da shi ta fi wadda aka sake wa kama daraja, ko da fentin na biyu ya fi sheƙi. Wanda ya kashe jikkuna masu yawa aka fesa masa launin da ba shi ba, ya biya kuɗi ne aka rage wa dukiyarsa kima.

Mai mota yakan je garaji ya ce fara ce, a fesa mata fari. To, wane farin? Peugeot ya yi amfani da fari iri-iri, kowane da sunansa: akwai Blanc Courchevel, akwai Blanc Alaska, daga baya aka sami Blanc Banquise. In aka jera su a rana, wani ya karkata wajen madara, wani wajen toka. Domin haka ne kowane launi yake da lamba. A zamanin 404 lambar ta ƙunshi alƙaluma huɗu, daga baya aka koma ga haruffa uku, kamar EWP na Blanc Banquise. Akan same ta a ɗakin inji, in an ɗaga kapo, an buga ta bisa ƙarfen jiki. Abin takaici, bugun tawada ne, kuma mai fentin farko da ya yi gaggawa yakan binne ta ba tare da ya lura ba. In ta ɓace, sai a koma ga lambar shasi. Ƙungiyar L'Aventure Peugeot, mai kula da gidan tarihin da aka buɗe a Sosho cikin 1988, ita ake tuntuɓa domin sanin asalin motocin da suka fito daga Faransa.

Amma samun lamba rabin tafiya ne. Fentin masana'anta a tanda ake gasa shi, da zafin da ya haura digiri 100, tun motar tana ƙwarangwal, babu gilashi, babu roba, babu waya. Garaji ba ya iya yin haka ga motar da aka riga aka haɗa. Bayan wannan, sinadaran da ke ba da launin su ma sun sake. Rawaya da ruwan goro da ja na da, da yawansu daga dalma da kadmiyom ake samo su. Tarayyar Turai ta kafa doka cikin 2000 wadda ta hana waɗannan ƙarafa a sababbin motoci tun daga Yulin 2003, sa'an nan daga 2007 wata dokar ta rage yawan diliyan da aka yarda fenti ya ƙunsa, abin da ya tura masu gyaran mota na can ga fenti mai ruwa. Saboda haka gwangwanin da aka haɗa yau bisa tsohuwar lamba kwaikwayo ne da wasu kayan daban. Yakan yi kusa, ba safai yake dacewa daidai ba.

Shaidar da ta fi kowace ƙarfi tana jikin motar. Ranar ƙasar nan ba ta barin launi yadda ta same shi: ja ne ke fara koɗewa, fari ya koma rawaya-rawaya, sauran su yi gari kamar alli, ƙurar hunturu kuma ta goge abin da ya saura. Ga kuma motocin da suka yi taksi, kamar masu jan kai na Yamai, waɗanda aka fesa sau uku ko huɗu. Gwanin fenti ba ya duban rufi ko kapo. Yana ɓare robar bakin ƙofa, ya leƙa ƙarƙashin tabulo, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya nemi wurin da rana ba ta taɓa gani ba tun daga masana'anta. In duk an fesa, sai ya goge wani lungu da takardar yashi a hankali, a karkace, har hawa-hawan fentin su bayyana ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke kwance bisa fentin share fage, shi ne na asali. A nan akwai tarko. Motar da ta yi shekara 40 bisa hanyar Tawa da wuya a ce ƙofofinta huɗu duka nata ne, don haka a gangar jiki ake neman shaida, ba a abin da ake kwancewa da sifana ba.

Daga nan sai haɗi. Akwai na'urar da ake ɗorawa bisa fenti ta auna hasken da yake mayarwa, kwamfuta ta ba da ma'auni. Tana taimakawa ƙwarai inda ake da ita, amma ido ne ke yanke hukunci. Ana fesa gwaji bisa guntun ƙarfe, a bari ya bushe sarai, domin launin ɗanyen fenti ba shi ne na busasshe ba, sa'an nan a kara shi da wurin da aka tono. Da hasken rana ake dubawa. Launi biyu na iya zama ɗaya ƙarƙashin fitilar garaji, gari ya waye su rabu kamar ba su taɓa haɗuwa ba, saboda sinadaransu ba ɗaya ba ne. Ana ƙara ɗigon baƙi ko na rawaya, a sake fesawa, a sake jira. Mai hankali yana rubuta nauyin kowane ɗigo da giram, kuma yana haɗa abin da zai ishi motar duka a zama guda. Mai motar da ke matsa wa mai fenti lamba don yana son ta fito kafin salla, shi ya jawo wa kansa abin da ya gani.

Sheƙi ma sashe ne na launi. Launukan da ba su da ƙyalli na ƙarfe, a zamanin 404, ba a rufe su da berni. In aka lafta wa irin wannan mota berni mai kauri, sai ta yi walƙiya kamar sabon kwanon sha, wanda ya san ta kuwa daga nesa zai gane baƙuwa ce. Fentin zamani mai haɗi biyu yana da ƙarko, sai dai tururinsa na cutar da huhu, kuma ƙyallen da yaran garaji ke ɗaurawa a hanci ba ya tare shi. Ya kamata mai mota ya sa kuɗin takunkumin kirki cikin lissafinsa.

Akwai motocin da bai dace a fesa ba sam. Wadda ta kwana shekaru cikin inuwa, fentinta na asali na nan sai dai ya dushe, wanki da gogewa da man sheƙi sun ishe ta, kuma masu saye sun fi son ta haka, da tabonta. In wuri ɗaya ne ya lalace, ana haɗa launin ya dace da tsufan sauran jikin, ba da sabuntar da lamba ke nunawa ba. In kuwa tsatsa ta ci ta har babu makawa sai an fesa duka, masu sanin aikin sukan rufe lambar ɗakin inji da takarda kafin su ɗauki bindigar feshi, su kuma bar wani wuri kamar tafin hannu ƙarƙashin tabulo ba su taɓa shi ba, domin mai fentin da zai zo bayansu.