"To" Kaɗai Ba Ta Isa Ba: Darasi Daga Matuƙan Jirgin Sama

Mu da ke Kalgo da Gwandu mun saba jin ƙugin jirgin sama, musamman lokacin jigilar alhazai daga filin jirgi na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa. In ka ɗaga kai ka dubi sama, fili ne fetal: ba kwana, ba rami, ba shanu masu tsallaka hanya. Sai mutum ya ce, me zai sa jirage biyu su yi karo a irin wannan fili? Sau da yawa ba inji ne ke lalacewa ba. Magana ce ke lalacewa tsakanin mai faɗa da mai ji.

Yadda Ake Ba Jirgi Hanya

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a sama ji ne ke gaba. Babban jirgin fasinja yakan yi gudun wajen kilomita 800 a awa. In biyu suka fuskanci juna, tazarar kilomita guda takan ƙare cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai. Kafin ido ya gani, hannu ya juya, aikin gama ya gama. Ga kuma gajimare, ga hazo, ga duhun dare.

Don haka ne akwai ma'aikatan hasumiya, wato masu ba jirage hannu daga ƙasa. Suna duba na'urar da ke nuna inda kowane jirgi yake, suna magana da matuƙa ta rediyon oba-oba. Su ne ke cewa wane ya tashi, wane ya dakata, wane ya hau ƙafa 16,000. Jirage biyu da hanyarsu ta haɗu, ana raba su da aƙalla ƙafa 1,000, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kun ga ke nan ran ɗaruruwan mutane yana rataye ga lamba guda da aka faɗa, aka kuma ji daidai.

Kada mu ɗauka abin na ƙasashen Turawa ne kawai. Ran 1 ga Maris 1978, jirgin Nigeria Airways ƙirar Fokker da ya taso daga Sakkwato ya yi karo da jirgin sojan sama ƙirar MiG-21 yayin da yake shirin sauka a Kano. Mutum 18 suka rasu. A lokacin Gwandu da Kalgo suna cikin Jihar Sakkwato, tun ba a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 ba.

Kalma Guda A Tenerife

Haɗarin da ya fi kowanne cin rayuka a tarihin jiragen fasinja bai faru a sama ba, a ƙasa ya faru. Ran 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, na kamfanin KLM da na Pan Am, suna kan titin tashi guda, hazo ya rufe ko'ina. Hasumiya ta gaya wa jirgin KLM hanyar da zai bi bayan ya tashi. Kyaftin ɗin ya ɗauka izinin tashi ne aka ba shi. Mataimakinsa ya faɗi wata magana mai harshen damo, wadda za a iya fassarawa "muna wurin tashi" ko "muna tashi". Ma'aikacin hasumiya ya amsa da "oke", sa'an nan ya ce su dakata. Amma a daidai wannan lokaci matuƙin Pan Am shi ma ya danna rediyonsa yana cewa har yanzu suna kan titin. Muryoyin biyu suka haɗu suka zama ƙara. Abin da jirgin KLM ya ji sosai shi ne "oke". Injiniyan jirgin ya yi shakka, ya tambaya ko ɗayan jirgin ya kauce, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya kauce. Mutum 583 suka mutu.

Wannan "oke" ita ce "to" ɗinmu ta Hausa. "To" tana iya nufin na ji, ko na yarda, ko ci gaba, ko bari in yi tunani.

Abin Da Ya Faru A Ejirin

Ran 7 ga Nuwamba 1996, jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 727 ya taso daga Fatakwal zuwa Legas. Wani jirgin na kamfanin Triax kuma ya bar Legas ya nufi Inugu, yana ƙafa 16,000. Mai ba da hannu a Legas ya zaci tuni ya sauko da jirgin ADC ƙasa da haka, alhali kuwa yana kan saukowa ne, zai ratsa daidai inda ɗayan yake. Na'urar gargaɗi ta yi ƙara, matuƙan ADC suka karkata da sauri don su kauce. Jiragen ba su taɓa juna ba, amma karkatar ta yi yawa, jirgin ya ƙwace, ya faɗa ruwa a Ejirin kusa da Epe. Dukan mutum 144 da ke ciki suka rasu, har da shahararren malamin kimiyyar siyasa, Farfesa Claude Ake. Abin da ke cikin kan mai umurni dabam, abin da ke faruwa a sama dabam.

Maganin Da Aka Samo

Na ɗaya, maimaitawa. In hasumiya ta ce a sauko ƙafa 10,000, matuƙi ba zai ce "to" ba. Dole ya maimaita lambar tare da sunan jirginsa, ma'aikacin kuma ya kasa kunne, in da kuskure ya gyara nan take.

Na biyu, kalma guda ma'ana guda. Bayan Tenerife, kalmar tashi ba a furta ta sai wajen ba da izinin tashi ko soke shi. Haruffa suna da sunaye, A ita ce Alfa, B ita ce Bravo. Tara da biyar na Turanci sukan yi kama a rediyo, don haka tara ake ce mata "naina". Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta kuma wajabta gwajin Turanci ga matuƙa da ma'aikatan hasumiya masu hulɗa da jiragen ƙasa da ƙasa daga 2008.

Na uku, an koya wa ƙarami ya yi magana in ya ga babba zai yi kuskure, an koya wa babba ya saurara. Irin wannan horo ake bayarwa a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964.

Namu Darasin

Ya ku ɗalibai, sau nawa malami yakan tambaya ko kun gane, ku amsa baki ɗaya, alhali rabinku ba su gane ba? Kunya ce, na sani, da girmama na gaba. Amma wasunku za su zama nas, a gaya musu yawan maganin da za su ba majinyaci. Wasu za su zama direbobi, wasu malamai, wataƙila wani ya zauna a hasumiyar Ambursa. A can "to" ta kunya tana iya kashe rai. Ku saba tun yanzu: in an aike ku, ku maimaita saƙon. In ba ku gane ba, ku tambaya, gama matambayi ba ya ɓata.

Mu malamai da iyaye ma da namu laifin. In muna tsawata wa yaro don ya yi tambaya, mu ne muke koya masa shirun da zai cuce shi.

Ku tuna da yaron nan Sama'ila a Littafi Mai Tsarki. Ya ji kira da dare, ya zaci Eli ne, har sau uku yana tashi yana zuwa ya tabbatar. Bai kwanta kan zato ba, Eli kuma bai kore shi ba, sai ya taimake shi ya gane Mai kiran. Ubangiji ya ba mu kunnen ji, da tawali'un tambaya, ya kuma kiyaye dukan matafiya a ƙasa da sama. Amin.