Bizit ɗin mota: lahani iri uku

Yau hirarmu a kan mota take. Ko ba ka da mota, maganar ta shafe ka. Ran kasuwa mota kake shiga. In mai ɗakinka tana naƙuda, mota za ta kai ta gidan likita. Albasar Galmi ma mota ke kai ta Yamai. In birki ya ƙi kamawa a kan hanya, ba direba kaɗai abin zai ci ba.

Mi ne ne bizit?

Bizit shi ne binciken lafiyar mota. Ana kai mota wurin da hukuma ta yarda da shi. Ma'aikata su duba birki, da sitiyari, da tayoyi, da fitilu, da gilashi, da hayaƙin da take fitarwa. In sun same ta lafiya, sai su ba da takarda. Takardar nan tana cikin waɗanda jandarma ke tambaya a kan hanya, tare da permi da asurans.

Dokar bizit ba ta zama wuri ɗaya. Motoci suna sakewa, doka ma tana sakewa. Za mu ɗauki misalin ƙasar Faransa. Dalili kuwa, motoci da yawa da ke yawo a ƙasarmu tsofaffi ne, sun yi aiki a Turai kafin a kawo su nan. Ya kamata mu san yadda ake auna su a can.

Yadda dokar Faransa ta sake

A Faransa bizit ya zama tilas ga ƙananan motoci tun ran 1 ga Janairu 1992. Sabuwar mota tana zuwa bizit na farko kafin ta cika shekara 4. Daga nan sai bayan kowace shekara 2. Wanda aka kama ba shi da takardar, tararsa yuro 135, wato kimanin jika 88 da rabi na kuɗinmu.

Ran 20 ga Mayu 2018 aka ƙara tsananta dokar. Wuraren da ake dubawa a jikin mota, da 123 ne, suka koma 133. Amma babban abin da ya sake shi ne, an kasa lahanin mota kashi uku.

Na ɗaya, ƙaramin lahani. Ana rubuta shi a takarda, a gaya wa mai mota ya gyara. Mota tana ci gaba da aikinta.

Na biyu, babban lahani. Mota ba ta ci jarrabawa ba. Ana ba mai ita wata 2 ya gyara, ya komo da ita a sake dubawa.

Na uku, lahani mai haɗari. Wannan shi ne sabon abu. Takardar mota tana mutuwa a ranar, da tsakar dare. Kashegari ba ta da izinin hawa hanya sai an gyara ta. Misalinsa, tayar da ta cinye har zarenta ya fito, ko motar da jan fitilun birkinta na baya duka sun mutu.

Ba a tsaya nan ba. Ran 1 ga Yuli 2019 aka tsananta awon hayaƙin motoci masu shan gazuwal. Ran 15 ga Afrilu 2024 kuma babura suka shiga cikin bizit.

Mi za mu koya?

Dokar can ta can ce, tamu kuma hukumarmu ke tsara ta. Amma hikimar kashi ukun nan kowa na iya ɗauka. Ciwon mota kamar ciwon mutum yake. Akwai mura, akwai masassara, akwai saran maciji. Mai mura yana zuwa gona. Mai masassara yana neman magani da wuri. Wanda maciji ya sara ba a cewa ya bari sai gobe.

Wani direba sai ya kashe kuɗi wajen fenti da rediyo, alhali man birki na yoyo. Wannan ya bar saran maciji yana maganin mura. Hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Dosso da Ƙonni da Maraɗi har Damagaram doguwa ce. Ga zafin rana, ga ƙura, ga kaya mai nauyi, ga dabbobi na ƙetare hanya. Nan ne lahanin da aka raina yake fitowa.

Abin dubawa kafin a tashi

Birki. Ka taka shi da ƙarfi, ka riƙe. In ka ji yana nutsewa a hankali har ƙasa, kada ka tashi, kira makanike. Ka duba robar man birki. Tana da zane biyu, na sama da na ƙasa. Mai ya tsaya tsakaninsu. Man birki yana shan raɓa yana lalacewa, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suke cewa a sake shi bayan shekara 2.

Taya. Ka auna iska da safe, tun taya ba ta yi zafi ba. Ka duba zurfin zanenta. A dokar Turai bai kamata ya kasa milimita 1,6 ba, wato kusan kaurin tsinken ashana. Tayar da ta kumbura a gefe, ko ta tsattsage, ta gama aiki.

Ku da kuka koyi karatu, ga inda zai amfane ku. A gefen taya akwai lamba huɗu a jere, cikin ɗan zobe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Mai sayar da taya ba ya iya ce maka sabuwa ce alhali ta tsufa.

Fitilu. Ka sa yaron mota ya tsaya a baya. Ka taka birki, ya gaya maka ko ja ta kama. Ku duba na gaba da na kwana haka nan.

Mai da ruwa. Ka zaro sandar awon baƙin mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa, ka karanta. Ruwan sanyaya inji kuwa, kada ka buɗe murfinsa inji na da zafi, tururi zai ƙone ka. Ka leƙa ƙarƙashin mota inda ta kwana. In ka ga ɗigo a ƙasa, ka nemi inda ya fito.

Duk wannan ba ya cin minti 10.

Takarda ba ta tsai da mota

Akwai masu neman takardar bizit ta bayan gida, ba tare da an duba motarsu ba. Wanda ya yi haka kansa ya cuta, da mutanen da ya ɗauka. Ran da saniya ta faɗo kan hanya, birki ne zai tsai da mota, takarda tana cikin aljihu.

Fasinja ma yana da ta cewa. In ka ga tayar da zare ya fito, ka yi wa direba magana cikin ladabi. In ya ƙi ji, ka jira wata mota. Gara a yi latti a isa gida.

Tambayoyi domin aji: Lahanin mota kashi nawa ne? Wane ne ba ya jiran gobe? Taya mai lamba 0822, yaushe aka yi ta? Ku rubuta amsa, ku nuna wa malaminku.

Allah ya kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa.