Tafiyar Dattawa: Ku Nemi Ragi, Amma Kada Ku Rage Lafiya

Idan kuna shirin tura Baba ko Hajiya ziyarar 'ya'ya a ƙasar waje, ko Umara, ko biki a gida Arewa, ku sani cewa shekarunsu na iya rage muku kuɗin tafiya. Sai dai wannan ragi ba ya zuwa da kansa, sai an tambaya, an kuma nuna shaidar shekaru. Iyalai da dama suna biyan cikakken kuɗi ne kawai domin babu wanda ya buɗe baki ya tambaya.

A Birtaniya, duk wanda ya kai shekara 60 zai iya sayen katin Senior Railcard, wanda ke rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin jirgin ƙasa na tsawon shekara guda. Baƙo ma yana iya saya da fasfonsa. Ku fara yin lissafi tukuna: idan Hajiya za ta zaga jikoki daga Landan zuwa Mancesta da Bamingam, katin zai mayar da kuɗinsa. Idan kuwa gida ɗaya za ta zauna, sayensa asara ce. Kamfanin motocin National Express ma yana da irin wannan kati na masu shekara 60. Amma katin hawa kyauta na Freedom Pass na mazauna Landan ne kawai, baƙo ba ya samu. A Amurka kuma, kamfanin jirgin ƙasa na Amtrak yana rage kashi 10 cikin 100 ga wanda ya kai shekara 65.

A nan gida, ragin ya fi zuwa ta hanyar zaɓen lokaci. Kuɗin mota da na jirgin sama yana tashi gab da Sallah da Kirsimeti, kuma Umarar goman ƙarshe na Ramadan ita ce mafi tsada. Dattijon da ya yi ritaya ba ya jiran hutun ofis, don haka zai iya tafiya tsakiyar mako, ko bayan an watse daga bukukuwa. Ku sayi tikiti da wuri, ku kuma riƙa sauraren sanarwar gwamnati. A ƙarshen shekarar 2023, misali, Gwamnatin Tarayya ta rage rabin kuɗin manyan motocin da ke zirga-zirga tsakanin jihohi, ta kuma sa hawa jirgin ƙasa ya zama kyauta na 'yan kwanaki.

A matsayina na mai harhaɗa magunguna, abin da ya fi damuna shi ne arahar da ke kai mutum gadon asibiti. Tikitin da ya fi kowanne sauƙi sau da yawa shi ne mai jiran awa goma a wani filin jirgi, ko motar dare da ba ta tsayawa. Dogon zama ba motsi yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma haɗarin yana ƙaruwa da shekaru. Ku nema wa dattijo kujerar bakin hanya, ya riƙa miƙewa yana ɗan takawa, yana shan ruwa. Idan tafiya na ba shi wuya, ku nemi keken guragu tun kwana biyu kafin tashi. Kamfanonin jiragen sama ba sa karɓar kuɗi a kan wannan.

Magani kuma, ku saya a gida wanda zai isa tafiyar har da ƙarin mako ɗaya ko biyu. Galibin magungunan hawan jini da na ciwon suga ba a sayar da su a Birtaniya ko Amurka sai da takardar likita, ganin likitan kuwa yana iya cinye duk abin da kuka rage. A bar kowane magani cikin kwalinsa, a sa shi a jakar hannu tare da takardar likita. Allurar insulin kada ta shiga kayan da ake zubawa a cikin jirgi, domin sanyin wurin na iya daskarar da ita ta lalace. Magunguna irin su tramadol da codeine kuwa, ƙasashe kamar Saudiyya da Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna da tsauraran dokoki a kansu. Kada wani ya ba dattijo saƙon magani ya kai wa wani.

Ku duba katin rigakafi ma. Allurar shawara ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka mai kati sahihi ba ya buƙatar sake biya. Mai zuwa Umara ko Hajji kuma sai da allurar sanƙarau. Inshorar tafiya tana ƙara tsada da shekaru, amma kada a tsallake ta, kuma a faɗi gaskiyar ciwon da mutum ke da shi, domin ɓoyewa na iya sa kamfani ya ƙi biya ranar da ake buƙata.

Kafin ku biya kuɗin tikiti, ku kai jerin magungunan dattijon wurin likita ko mai harhaɗa magunguna, aƙalla wata guda kafin tafiya. Allah Ya kai iyayenmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.