Ɓeran Château Rouge

Da magariba, idan 'yan kasuwar titin Dejean na Château Rouge, a unguwar Goutte d'Or ta birnin Paris suka fara tattara kifi da kuɓewa da rogo, sai maƙwabcin nan da ba ya biyan haya ya leƙo daga bakin lambatu. Ya tsaya, ya sunsuna iska, gashin baki na rawa, sannan ya ja ɓawon ayaba ya yi ciki. Faransawa na kiransa surmulot. Bai kai gafiyarmu girma ba, wadda ake ce wa tsira da na bakinki, amma ya fi ta ƙarfin hali.

A gida haƙorinsa muke tsoro, mu ce yana cizon mai barci yana hura masa iska. Ni kuwa na ce makamin ɓera na cikin matarsa. Duk kwana 4 ko 5 take sakin ƙwai. Cikinta mako uku ne kacal, ta zubo 'ya'ya takwas ko goma, kafin kwana ya zagayo ta sake neman namiji.

Wani ɗan ƙulli da ke gindin ƙwaƙwalwa shi ke juya wannan akala. Yana aiko da sinadarai biyu ta jini, LH da FSH. Na farkon ya sa ƙwayoyin da ke bayan jakar ƙwai su haɗa sinadarin maza, su miƙa ciki; na biyun ya sa na cikin su juya shi ya zama istirojin, na mata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A jikin ɓera Bengt Falck na ƙasar Suwidin ya nuna a 1959 cewa sai ƙwayoyin nan iri biyu sun haɗa hannu, kuma likitocin haihuwa na cin moriyar wannan sani har gobe. Bashi ne a kanmu, ko da ba ma son mai shi.

A Amurka, tun 2016 aka amince da ContraPest, wani ruwan da ɓera ke lasa ya rage wa macen ƙwai. Dabara ce mai kyau. Sai dai wanda ya ga Paris a watan Maris na 2023, lokacin da masu kwasar shara suka yi yajin aiki har bola ta haura tan 10,000 a tituna, ya san inda gizo ke saƙa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai shago, rufe bolarka kafin ka nemi guba.